Man da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Direbobin tankar ruwa da ke bin hanyar Nyanya zuwa Karshi, ta Jikwoyi da Orozo, sun fi jin daɗin tanka cike maƙil a kan wadda aka sauke rabinta. In aka taka birki a gangara da rabin lodi, motar takan tsaya, sai ruwan ya biyo baya ya daki gaban tanki ya ƙara tura ta. A kwana kuwa yakan hau gefe guda ya nemi kifar da ita. Wannan kai-komon shi ne abin da wani reshe na injiniyoyin jiragen sama ya haura shekara 70 yana fafutikar lissafawa.

A sama abin ya fi tsanani. Jirgin yaƙi irin F-16 yakan yanki kwanar da nauyin komai a cikinsa zai ninka tara, har man da ke fiffike. In matuƙi ya kifa hancin jirgin zuwa ƙasa ba zato, mai sai ya tashi ya manne a rufin tanki, famfon da ke ƙasa ya zuƙi iska, inji ya shaƙe.

Ingila ta ɗanɗana haka a 1940. Jiragen Spitfire da Hurricane suna da kafireto, da zarar matuƙi ya sulmiyo ƙasa sai inji ya yi tari ya ɗauke, alhali Messerschmitt na Jamus mai injekta ya wuce abinsa. Wata injiniya a Farnborough, Beatrice Shilling, ita ta kawo maganin wucin gadi: ɗan ƙarfe mai huda da ke taƙaita man da ke shiga kafireto don kada ya cika ya kashe inji. A farkon 1941 ta bi sansanoni da ma'aikatanta suna ɗaura shi.

Lissafi ya biyo baya. A 1952 Graham da Rodriguez suka nuna cewa ana iya ɗauke man daga lissafin jirgi a maye gurbinsa da nauyi biyu: ɗaya a kafe, ɗaya a ɗaure da sifirin yana kai-komo. Wasu suka fi son nauyin da ke lilo a igiya. Har gobe masu tsara na'urar sarrafa jirgi da wannan dabarar suke fara aiki, domin tana da sauƙi kuma tana faɗin gaskiya muddin girgizar ba ta yi yawa ba.

Roka ce ta sa aka zuba kuɗi a fannin, don galibin nauyinta ruwa ne. Ranar 26 ga Afrilun 1957 wata roka ƙirar Jupiter ta tarwatse daƙiƙa 93 bayan tashinta daga Cape Canaveral, saboda man ya riƙa tangaɗi har na'urar saita ta ta kasa. Abin da injiniyoyi suka fara gwadawa shi ne zuba gwangwanaye su yi iyo a saman ruwan, kamar yadda mace mai ɗauko ruwa daga rafi take jefa ganye a ƙwarya don kada ya zube. Daga baya aka koma zobban ƙarfe da ake mannawa a jikin tanki ta ciki. A 1966 hukumar NASA ta buga babban kundi kan motsin ruwa a tankin da ke tafiya, wanda H. Norman Abramson na San Antonio ya shirya. Duk wanda ya daɗe a sana'ar da lambarsa yake kiransa, SP-106.

Kundin bai hana a sake jin jiki ba. Lokacin da Neil Armstrong ke neman wurin sauka a duniyar wata a Yulin 1969, tangaɗin mai ya tone na'urar auna shi, fitilar gargaɗi ta kama kafin lokacinta. A Houston, inda ake sa ido kan tafiyar, ana ƙirga daƙiƙu da zuciya a hannu. Bincike daga baya ya nuna saura man kimanin daƙiƙa 45, fiye da yadda aka zata. An ƙara shingen hana tangaɗi a tankunan kumbunan da suka biyo baya.

Kwamfuta ta shigo ta Los Alamos. A 1965 Harlow da Welch suka fito da hanyar bin sawun fuskar ruwa, a 1981 kuma Hirt da Nichols suka wallafa wadda ta mamaye fannin. Ana yanka cikin tanki gida-gida, dubbai ko miliyoyi. Kowane gida yana riƙe da lamba: 1 in mai ne zalla, 0 in iska ce, abin da ke tsakani kuwa nan fuskar man take. Sai a ɗauko bayanan tafiyar jirgin, kwana da juyi da hawa, a ɗora wa tankin, kwamfuta ta tura man daga gida zuwa gida a kowane ɗan gutsuren daƙiƙa. Akwai wata hanyar da ke ɗaukar man a matsayin ƙwayoyi masu ture juna. Masana taurari ne suka ƙirƙiro ta a 1977, Joe Monaghan ya juyo da ita kan ruwa a 1994. Ta fi dacewa da inda mai ke fashewa yana fantsama.

Tambayoyin da ake yi wa kwamfutar na masu aiki ne. Daƙiƙa nawa jirgi zai yi a kife kafin ƙaramin tankin da ke shayar da inji ya ƙare? Ƙofofin da ke barin mai ya gangaro ciki su hana shi komawa ƙarshen fiffike, suna rufewa a kan kari? Ina tsakiyar nauyin jirgin ya koma? Shin ma'aunin mai ƙarya yake yi wa matuƙi?

Inda sababbin shiga ke ruɗuwa shi ne kyawun hoton. Allo yakan nuna igiyar mai shuɗiya tana birgima gwanin sha'awa, amma kumfa, da iskar da ta maƙale tsakanin mai da bango, da ƙarfin bugun da ba ya wuce ƙiftawar ido, har yau suna ba kwamfuta wuya. A Maris na 2007 roka Falcon 1 ta SpaceX ta kusa kai wa inda aka nufa, sai ruwan iskar shaƙa a tankin sama ya fara juyi, ta rasa saiti, inji ya mutu. Shinge aka sa, maganin da aka sani tun shekara 50 kafin nan. Shi ya sa dattawan fannin ba sa karɓar sakamakon da ba a gwada shi da tanki na gaske a kan teburin girgiza ba, kuma suna da gaskiya.

Kallon da ake yi wa kai-komon ma ya fara sauyawa. Daga 2019 Airbus ya jagoranci wani aikin Tarayyar Turai mai suna SLOWD, don auna yadda man da ke bugun rufi da ƙasan tanki yake shanye kaɗawar fiffike, ko a samu rage ƙarfen da ake zubawa.

Nijeriya tana da dalilin shiga wannan fage. An haɗa ƙaramin jirgin horo Air Beetle a Kaduna a 1989, rundunar sojin sama kuma ta ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi, a Fabrairun 2018. Irin waɗannan jirage marasa matuƙi da ke daɗewa a sama, mai babban kaso ne na nauyinsu, kuma babu mutum a ciki da zai ji canji ya gyara. Kayan aikin ma ba su da tsada kamar da: manhajar OpenFOAM kyauta ce tun 2004, ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ko cibiyar fasaha ta sojin sama a Kaduna zai iya kunna ta a kwamfutarsa. Abin da ya kamata malami ya tilasta masa tukuna shi ne tankin gilashi da kyamarar waya. Tanki mai tsawon mita 1 da ruwa mai zurfin rabin mita, in aka girgiza shi a hankali, ruwan zai je ya dawo cikin kimanin daƙiƙa 1.2. Sai kwamfutarsa ta ba da wannan lambar sannan a bar shi ya taɓa tankin fiffike.