Sauti mai kewayewa: yadda ake haɗa shi a kwamfuta da abin da ke isa kunnen mai sauraro a Kalmalo

Sauti mai kewayewa tsari ne na haɗa waƙa ko sautin fim ta yadda zai riƙa zuwa wa mai sauraro ta gaba, ta gefe da ta baya, maimakon ya fito daga lasifika biyu kamar yadda yake a sitiriyo. Kamfanin Disney ya gwada shi tun 1940 a fim ɗin Fantasia, amma tsarin da ya zama ma'auni, wato 5.1, ya bazu ne bayan fasahar Dolby Digital ta shiga gidajen sinima da fim ɗin Batman Returns a 1992.

Lambar 5 tana nufin lasifika biyar. Ɗaya tana tsakiya, tana fuskantar mai sauraro. Biyu suna hagu da dama, kowace ta karkata digiri 30 daga ta tsakiyar. Biyu kuma suna gefe zuwa baya, wajen digiri 110. Haka Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta shawarta a jera su. Lambar 1 da ke bayan ɗigo layi ne na musamman don amo mai kauri, irin rugugin tsawa, wanda bai haura Hz 120 ba.

A cikin manhaja, aikin yana farawa da mayar da babban layin fitar sauti daga biyu zuwa shida. Daga nan kowace murya da kowane abin kiɗa zai samu ɗan hoton ɗaki mai ɗigo a tsakiya. Inda mai haɗa sauti ya ja ɗigon, nan sautin zai zauna. Pro Tools da Nuendo da Cubase Pro da Logic Pro duk suna da wannan. FL Studio kuwa, wadda matasa masu buga kiɗa a Kano da Kaduna suka saba da ita, an gina ta ne a kan sitiriyo.

Kiɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara ya fi komai saurin fahimtar da mutum yadda ake rabon, domin tun asali a fili ake yin sa, jama'a na kewaye. A irin zubin Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo, akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai kotso. Muryar jagora tsakiya take zama, ba ta motsi, don ita ke ɗauke da magana. 'Yan amshi sai a baza su hagu da dama, a ɗan janyo su gefe yadda amshi zai rungumi mai sauraro. Kotso yana gaba. Lasifikan baya kuwa na guɗa ne da hayaniyar taro da amsa-kuwwar fili. Sabon hannu yakan so ya ga kalangu yana yawo daga wannan lungu zuwa wancan, amma kunne ya saba neman makaɗi a gabansa, kuma yawon yakan gundure shi kafin waƙa ta kai rabi.

A 2012 Dolby ya fito da Atmos, wanda ya ƙara lasifika a sama, ya kuma ba da damar ɗaukar sauti ɗaya a matsayin abu mai zaman kansa, har guda 118, na'ura ta lissafa inda zai faɗa gwargwadon lasifikan da ke wurin. Apple Music ya fara yaɗa waƙoƙin Atmos a Yunin 2021.

To amma waƙar da aka haɗa a sitidiyon Kano ba a ɗakin sitidiyo take ƙarewa ba. Tana bin katin memori da WhatsApp har ta isa garuruwa irin Kalmalo, mai tafkin nan da ke Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijar, ta tsallaka Birnin Ƙonni. A can, waya ce ke rera ta, ko ƙaramar lasifikar Bluetooth a teburin mai shayi. Layi shida sun koma biyu, sau da yawa ma ɗaya.

Wannan matsewar tana da ƙa'ida. Ana rage layin tsakiya da desibel 3 a raba shi hagu da dama, a rage na baya su ma a zuba su gaba, layin amo mai kauri kuwa galibi watsi ake yi da shi ɗungurungum. Saboda haka wanda ya tura dukan ƙarfin gangarsa can, mai sauraro a waya zai ji waƙa ba gindi. Amsa-kuwwar da ta yi daɗi a baya, idan ta dawo gaba, tana iya binne kalmomin mawaƙi. Mafi muni shi ne dabarar faɗaɗa sauti ta hanyar juya igiyar gefe ɗaya ta saɓa wa ɗayan: da zarar an haɗe su a lasifika guda sai su kashe juna, 'yan amshi su ɓace kamar ba a ɗauke su ba.

Shi ya sa ƙwararru kan bar ganga da bes a manyan layukan gaba, su fitar da kwafin sitiriyo daban da aka haɗa da hannu, sannan kafin a miƙa wa mawaƙi aikinsa su danna maɓallin mono, su tura waƙar cikin waya mai araha, su saurara ko baitin farko yana fita tar.