Canjin wurin aiki zuwa Ƙonni, Malbaza ko Dogarawa: yadda ake zaɓen unguwa da gidan haya

Kowace shekara, daga ƙarshen damina zuwa buɗe makarantu a watan Oktoba, takardun canjin wurin aiki suna fitowa. Malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an duwan da na aikin gona, har da ma'aikatan kamfanoni, sai ka ga kowa ya ɗaure kaya ya nufi garin da bai taɓa kwana ba. Mai zuwa shi kaɗai, ɗaki guda ya ishe shi. Mai iyali kuwa, gidan da ya kama shi ne zai yanke makarantar da yara za su shiga, ruwan da za a sha, da abin da zai rage cikin albashi a ƙarshen wata. Ga abubuwan da ya kamata a sani kafin a ba da ko dala ɗaya a kudancin jihar Tawa.

Garuruwan yankin

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Zinder, ita ce ƙashin bayan yankin. A kanta Birnin Ƙonni yake, sai Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa da Galmi, kafin a kai Madawa. A Tsarnawa ne hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa, ta bi ta Badagishiri, inda ake ratsewa zuwa Illela. Baƙo ya kiyaye: Illela biyu ce. Akwai ta Nijar, babban garin gunduma a jihar Tawa, akwai kuma ta Najeriya a jihar Sakkwato, wadda take ƴan kilomita kaɗan kudu da Ƙonni.

Ƙonni ce mafi girma, da mutane fiye da dubu 60 a ƙidayar 2012. Garin iyaka ne, na kasuwanci da noman rani, kuma a nan gidajen haya suka fi yawa, tun daga tsofaffin unguwanni na kewayen Fada har zuwa Sabon Gari da Munwadata. Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Ƙonni, kuma masana'antar siminti ce ta raya ta tun shekarun 1960. Dogarawa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Malbaza, kuma mazaunin sarauta. A cikinta Galmi take, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma, mai asibitin mishan da ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan haya. A Ƙonni akwai zaɓi, amma akwai masu nema da yawa. A Dogarawa da ƙauyukanta ba a cika gina gida don haya ba. Galibi gidan wani ɗan gari ne da ke ci-rani, ko sashen da aka ware cikin gidan gado, kuma ta hannun hakimi, shugaban makaranta ko babban ma'aikacin asibiti ake samun sa. A Galmi kuwa, idan albasa ta fito a bazara, fatake da direbobin manyan motoci kan cika gari, ɗakuna su yi wuya.

Zama a wurin aiki ko a babban gari?

Tambayar farko ke nan, kuma da lissafi ake amsa ta. Mutane da yawa da aka tura Malbaza ko Dogarawa sukan ajiye iyali a Ƙonni, su riƙa zuwa suna dawowa. Tsakanin Ƙonni da Malbaza akwai kimanin kilomita 35. Zuwa da dawowa kilomita 70 ke nan a rana, wato 1,540 a kwanakin aiki 22 na wata. A ɗauka babur yana cin lita ɗaya a kilomita 35, to ana bukatar lita 44. Idan aka lissafa lita a kan dala ɗari, jika 22 sun tafi a mai kaɗai, ban da baƙin mai, taya da gyara. Zamanin man bakin hanya mai araha ya ja baya tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Ga kuma haɗarin hanyar da manyan motocin siminti da na albasa ke bi dare da rana.

Saboda haka, kuɗin haya da kuɗin zirga-zirga a haɗa su wuri ɗaya a kwatanta. Wani lokaci gidan da ya fi tsada kusa da wurin aiki shi ne mai sauƙi. Amma idan akwai yaro a lise, ko mara lafiya da ke bukatar ganin likita a kai a kai, ko uwargida tana da sana'ar da sai a babban gari take tafiya, zama a Ƙonni na iya rinjaye. Shawara ce da ta kamata a yanke tare da ita, domin ita ce za ta yini a gidan.

Lokacin duba gida

Wanda ya ga gida a watan Janairu bai ga komai ba. Damina a yankin tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma a Agusta ruwa ya fi ƙarfi. Ƙasar Ƙonni da Dogarawa tana cikin kwarin Magiya, ga ƙoramu da ke gangarowa daga tuddai, waɗanda kan cika cikin sa'a guda su yanke hanya. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba.

Idan dole a rani za a duba, gini da kansa yana ba da labari. A dubi gindin katanga: layin danshi ko gishirin da ya fito a jikin bulo yana nuna inda ruwa ya taɓa tsayawa. A dubi ko daɓen tsakar gida ya fi titi tudu ko ya fi shi kwari. A ɗaga kai a dubi silin, tabon ruwa ba ya ɓuya. Idan maƙwabta sun jera buhunan yashi ko sun ɗaga dokin ƙofa da siminti, akwai dalili. A tambayi mai shago ko mai shayin unguwar yadda layin ke kasancewa a watan Agusta. Shi ba shi da riba a ɓoye gaskiya.

Zafi ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan wuce 40. Ɗakin kwano marar silin ba ya kwantuwa a wannan lokaci. Ginin ƙasa mai rufin soro ya fi sanyi, amma yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma tun farko a san wanda zai ɗauki nauyin wannan. A Malbaza a lura da inda gidan yake tsakaninsa da masana'anta da hanyar manyan motoci. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma, kuma ƙura tana bin iska. Mai yaro da ke fama da asma ya sa wannan a gaba.

Ruwa da wuta

A manyan garuruwa kamfanin ruwa na ƙasa ne ke ba da ruwan famfo. Tun farkon 2024 kamfanin NDE ya gaji SEEN. A ƙauyuka da yawa kuwa ƙaramin tankin gari ne, wanda wani ɗan kasuwa ke gudanarwa bisa yarjejeniya da hukuma, ko rijiya da famfon tuƙa-tuƙa. Ganin kan famfo a tsakar gida bai isa ba. A buɗe shi da rana tsaka, a tambayi maƙwabta ƙarfe nawa ruwa ke zuwa a watan Afrilu. Inda ba ya zuwa, kuɗin mai ga-ruwa na kowace rana ya shiga lissafin haya.

Wutar NIGELEC ma haka. Malbaza tana da tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7 tun 2018, amma ƙasar ta daɗe tana dogara da wutar da ake sayowa daga Najeriya, kuma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da aka yanke ta daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024. Gida mai tagogi biyu masu fuskantar juna, da inuwar bishiya, da filin kwana a waje, ya fi gidan da sai da fanka ake iya zama cikinsa.

Babbar rigimar gidajen haya ita ce mita, wadda aka fi sani da kontar. A nemi ganin takardun biya na watannin baya, na ruwa da na wuta. Bashin wanda ya tashi yana nan a kan mitar, kuma sabon ɗan haya ne za a yanke wa. Idan mita ɗaya ce ga gidaje da yawa, a san yadda ake rabon kuɗin: da yawan ɗakuna ne, da yawan mutane, ko da kayan wutar kowa? Mai firiji da injin markaɗe ba daidai yake da mai ƙwai biyu ba. Mitar kati, inda take, tana rage wannan gardama.

Makaranta da asibiti

A taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa makarantar da yara za su shiga, a ga ko sai sun tsallaka kwalta ko ƙorama. A garuruwan da babbar hanya ta ratsa tsakiyarsu, kamar Tsarnawa, Malbaza da Galmi, gida da makaranta su kasance ɓangare ɗaya idan da hali. Kafin a baro tsohon gari a karɓi takardar shaidar karatu da littafin sakamakon kowane yaro. Wanda ke ajin jarrabawar BEPC ko BAC, a gaggauta yi masa rajista a sabuwar makaranta don kada sunansa ya faɗi tsakanin wurare biyu. A tambayi kuma makarantar allo ko islamiyyar unguwa.

Ta fannin lafiya, a san CSI mafi kusa da inda ake haihuwa da dare. Ƙonni da Illela suna da asibitin gunduma, Galmi tana da nata, babban asibitin jiha kuma yana Tawa. Tun 2006 dokar ƙasa ta tanadi kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati, don haka a zo da katin rigakafinsu. Gidan da ke dab da fadamun noman rani ko tsohon kududdufi yana da sauro har bayan damina, sai a tanadi gidan sauro ga kowa.

Maƙwabta da tsarin gida

Hausawa sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Gidajen haya a yankin iri uku ne: gida sukutum mai katangarsa, sashe a gidan da mai shi ke zaune, da jerin ɗakuna masu tsakar gida ɗaya. Na ukun ya fi araha, amma a ƙirga mutum nawa ke amfani da ban-ɗaki guda, a ga wurin girki da shanya, a san wa ke biyan kuɗin kwashe masai idan ya cika. Iyalin da ke tsare sirrin gida su duba ko akwai zaure, ko tagar wani tana kallon tsakar gidan. A koma unguwar bayan sallar isha'i: a lokacin ne ake jin ƙarar janareto, gidan kallo ko tashar mota, a kuma ga ko layin yana da haske.

Dillali, kuɗi da takarda

Dillali yana rage wahala, amma a yi cinikin ladansa kafin ya nuna gida. Kada a ba shi kuɗin haya sai an ga mai gidan ido da ido, ko wakilin da mai unguwa ya tabbatar. Gidan gado yana bukatar ƙarin hattara, domin wani magaji kan ba da haya, wani ya zo ya ce bai sani ba. A tambaya ko dukkan magada sun yarda, da wanda aka wakilta ya karɓi kuɗi.

Nijar tana da dokar hayar gidaje tun 1996, amma a aikace yawancin haya da baki ake ƙulla ta, kuma a nan ake cutuwa. Takarda ɗaya ta wadatar, da Hausa ko da Faransanci, in dai ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, kuɗin wata da ranar biya, watanni nawa aka biya gaba, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, wanda zai yi babban gyara da ƙarami, da wa'adin sanarwa kafin tashi ko ƙarin kuɗi. Shaidu biyu su sa hannu, a kai ma'aikatar magajin gari a buga hatimi. A Ƙonni, inda naira ke yawo tare da sefa, a rubuta ƙarara cewa da sefa aka yi ciniki. A rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi, saboda lissafin dala da na faran yana rikita baƙo: dala dubu biyar ita ce jika 25.

Ma'aikacin gwamnati ya nemi a sa masa sharaɗin cewa idan aka sake canja masa wurin aiki, za a mayar masa da kuɗin watannin da bai zauna ba. Duk gyaran da ɗan haya zai yi da kuɗinsa, kamar sa ƙofa ko jawo famfo, a rubuta ko za a cire shi daga haya. Kowane biya kuma a karɓi rasiɗi. Idan ta waya aka tura, a adana saƙon.

Ranar tarewa

Kafin a sauke kaya, a zagaya gidan tare da mai shi, a ɗauki hoton bango, ƙofofi, ban-ɗaki da lambar da kowace mita ta nuna. A canja kwaɗo. Wanda ya sami dama ya fara zuwa shi kaɗai, ya sauka wurin abokin aiki na mako ɗaya ko biyu, ya fi wanda ya iso da motar kaya da yara yana neman gida kafin magariba, domin shi duk abin da aka nuna masa karɓa zai yi. Bayan an tare, a je a gai da mai unguwa ko hakimi, a gabatar da kai ga limami da maƙwabtan dama da hagu. Ran da wata matsala ta taso da mai gida, wurinsu za a fara zuwa kafin a kai ga hukuma.