Tarihin Waken Samaru: Yadda Aka Sa Wa Iri Maganinsa A Jikinsa

Duk wanda ya tashi a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ya san ɓarnar tsutsar nan da ke shiga furen wake da kwansonsa. Wake ya yi kore shar, a zo roro a tarar da wayam. A shekarar da ta yi ƙamari, takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin. Tarihin yaƙi da ita ya faro ne nesa da gonakinmu.

A 1953 Watson da Crick suka bayyana siffar DNA a Ingila, wato zaren da ke ɗauke da gadon kowace halitta. A 1973 Cohen da Boyer na Amurka suka yanko guntunsa daga wata halitta suka dasa a cikin bakteriya, ya kuwa kama aiki. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1982 aka fara sayar da insulin na masu ciwon sukari wanda bakteriya ke haɗawa, alhali a da daga jikin shanu da aladu ake samo shi. A 2006 kuma Jay Keasling ya sa yis ɗin burodi ya riƙa samar da sinadarin da ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da shi. Wannan fanni ne ya bunƙasa har masana ke tsara ƙwayoyin gado kamar yadda magini ke tsara gida.

To, mu a nan sai ta hannun Samaru. Cibiyar binciken aikin gona ta can, wadda ta samo asali tun 1922 kuma ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta daɗe tana auren iri da iri. Sai dai an bincika dubban ire-iren wake ba a sami mai jure wa tsutsar nan sosai ba. Saboda haka aka aro ƙwayar gado guda daga wata bakteriyar ƙasa da ake kira Bt, wadda sinadarinta ke lalata cikin tsutsa. Masanan Ostireliya suka dasa ta, Farfesa Mohammad Ishiyaku da jama'arsa suka soma gwaji a gona a 2009. Hukumar da gwamnati ta kafa a 2015 don sa ido kan irin wannan aiki ta amince a 2019, aka fitar da irin da sunan SAMPEA 20-T. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi haka.

Manomin da ke feshi sau 6 zuwa 8 sai ya koma sau 2. Wanda ya taɓa goya tankin feshi da rana tsaka ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, ga aljihu da ƙirji. Amma kada a ruɗe mu: ƙwaron da ke huda wake a rumbu yana nan daram.

A 2024 aka fitar da masarar TELA, kuma a shekarar ce gardama ta kai har Majalisar Wakilai. Ni a ganina, tambayar masu suka da ta fi nauyi ita ce ta wa zai mallaki iri. Wake dai yana barbarar kansa, manomi na iya ajiye na baɗi. Masarar aure kuwa sai an koma wurin dila kowace damina, kuma mutanen Tudun Wada da Doguwa masara suka fi nomawa.