Mai Shari'a Muhammadu Bello: Daga Katsina zuwa Lincoln's Inn

Ɗalibanmu na Landan da yawa suna wuce Lincoln's Inn a unguwar Holborn ba tare da sanin wani Bakatsine ya taɓa zama a zauren nan ba. Muhammadu Bello ne, wanda aka haifa a 1930, ɗan Muhammadu Giɗaɗo, Muftin Katsina. Ashe shari'a a gida ya tarar da ita.

Bayan Midil ta Katsina da Kwalejin Barewa, sai da ya bi ta Ibadan ya koyi Latin, don a lokacin ba a shiga karatun lauya a Ingila sai da shi. Mu injiniyoyi masu kukan lissafi, to ga wanda aka ɗora wa mataccen harshe! A 1956 ya zama cikakken lauya, lokacin da lauyoyi 'yan Arewa ba su cika yatsun hannu ba, ga 'yancin kai ya ƙarato, manyan kotunan Jihar Arewa kuwa a hannun baƙi.

Bai tsaya neman kuɗi a Landan ba. Ya koma Kaduna lauyan gwamnati, ya zama babban majistare a 1961, ya ƙaro karatu a Harvard, sannan ya riƙe ofishin gabatar da ƙararraki na Arewa a 1964. Kotun Ƙoli ta kira shi a 1975.

A 1987 ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ɗan Arewa na farko a kujerar, har 1995 da ya miƙa wa Muhammadu Lawal Uwais. Ya rasu a 2004. Allah ya jiƙansa.