Yadda Dandali Ya Koma Cikin Akwatin Rediyo

Da yawa daga cikinmu da rediyo muka tashi. Tun kafin waya ta shigo hannunmu, akwatin nan ne ke kan teburin mai shayi, ko a gindin bishiya a gona, ko kan tabarmar dattawa bayan sallar isha'i. A yini guda sai ya ba mu kalangun Shata, ya biyo da waƙar Indiya, ya kawo wasan kwaikwayo, sannan a zauna hira da mawaƙi ko ɗan wasa. Wannan gauraye yana da tarihi, kuma ya kamata mu waiwaye shi tun bai kuɓuce mana ba.

Rediyo baƙo ya zo mana. A 1944 Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Kano, ana jan waya zuwa akwatunan da aka kafe a gidaje da wuraren taruwar jama'a. Babu damar murɗawa a nemi wata tasha, abin da aka turo shi za a ji, kuma kaso mai yawa daga Landan yake zuwa. A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Daga nan baƙo ya fara zama ɗan gida.

In muka dubi shirye-shiryen Rediyon Kaduna, za mu ga dandali ne aka kwaso aka zuba a akwati. A dandali makaɗi na gefe, 'yan kama na gefe, 'yan kallo na tsoma baki. Haka tashar ta kasance. Ga kotson Musa Ɗanƙwairo, ga kuntigin Ɗan Maraya Jos, ga gurmin Haruna Uji, ga ƙwaryar Barmani Coge. A filin Zaɓi Sonka kuwa mai sauraro ne ke aiko da gaisuwarsa, a karanta sunansa da na 'yan uwansa, duniya ta ji. Waƙoƙin Indiya da na Sudan su ma suka samu wurin zama. Waƙar da a da sai a ƙofar fada ake jin ta, sai ga ta a kunnen manomi a ƙauye, kuma gajeren zango ya kai ta har zangunan Gana da Kamaru.

Wasan kwaikwayo shi ne ya fi tara mu. Yusuf Ladan ya rubuta Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda daga baya ya zama littafi. An yi Duniya Budurwar Wawa. Sai kuma Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja kuma Banufe, wanda ya ɗauko Hausar bariki, wadda ake yi wa dariya, ya mayar da ita harshen koyar da zaman tare. Ba a ganin fuskar kowa a rediyo, saboda haka murya ce komai: ƙarar ƙofa, tari, ɗan shiru kafin amsa. Kowannenmu shi ya zana wa kansa barikin Samanja a zuci, kafin talabijin ta nuna mana nata.

Sai dai duk daɗin Kaduna, tashar gwamnati ce. Mu namu sauraro ne da aika wasiƙa. A Nijar aka fara gwada wata hanya. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a garuruwa da ƙauyuka. Jama'a su taru su ji shiri, su tattauna a kansa, jagoransu ya ɗauki muryoyinsu a rikoda, a aika Yamai, a sa a iska. Manomi ya ji muryarsa na fitowa daga akwatin da shugaban ƙasa ke magana a ciki. Gidan rediyon ƙasa, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974, ya kuma riƙe wasan kwaikwayo na Hausa, 'yan wasan Damagaram da irin su Yazi Dogo suka zama sanannu a kowane gida.

Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a shekarun 1990, sai ƙofa ta ƙara buɗewa. A 1999 garin Bankilare na jihar Tillaberi ya samu tashar al'umma mai aiki da hasken rana, wadda mutanen gari ke gudanarwa da harsunansu. Yau irinta sun haura ɗari a Nijar. A Nijeriya dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, amma lasisin rediyon al'umma sai a 2015 aka amince da rukunin farko, guda 17. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

To, yanzu da tashoshi suka yi yawa, ina gaurayen? A wurare da dama an sayar wa 'yan siyasa da masu tallan magani filaye mafi tsada, domin wasan kwaikwayo na cin kuɗi da lokaci, surutu kuwa ba ya cin komai. Wayar hannunmu ma abin da muka riga muka so take ƙara turo mana. A da, mai jiran Samanja dole ya zauna ya ji gurmi, daga nan wani ya kamu da son gurmin har tsufansa. Wannan haɗuwar bazata ce muke asara.

Akwai kuma tsofaffin faifai da kaset, waɗanda ba sa jure zafi da ƙura. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Samanja a 2023. Duk muryar da ba a juye ta zuwa kwamfuta ba, tana kan hanyar bin mai ita. Masu kaset a ɗaki su fito da shi a juye. Masu tasha a gari su ware ko da awa ɗaya a mako, su kira makaɗin unguwa da 'yan wasan makaranta, a yi kiɗa, a yi wasa, a zauna a yi hira.