Daga Bariki Zuwa Jami'a: Tarihin Nazarin Dabarun Yaƙi da Tsaro

1.0 Gabatarwa

Nazarin dabarun yaƙi a matakin babban digiri bai daɗe da samun gindin zama a jami'o'i ba. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda fannin ya fito daga bariki ya shiga zauren ilimi, tare da nuna cewa kusan kowane mataki na bunƙasarsa ya biyo bayan wani yaƙi ne.

2.0 Asalinsa a Turai da Amurka

A shekarar 1806 sojojin Napoleon suka murƙushe rundunar daular Prussia ta ƙasar Jamus a Jena. Zafin wannan kaye ne ya sa aka buɗe makarantar koyar da hafsoshi a Berlin a 1810, wadda Carl von Clausewitz ya shugabanta daga 1818. Littafinsa kan yaƙi, wanda aka buga a 1832 bayan mutuwarsa, ya kafa hujjar cewa siyasa ce ke jan ragamar yaƙi. Duk da haka, ilimin ya ci gaba da zama a hannun masu kaki.

Makamin ƙare-dangi ne ya sauya al'amarin. Bayan Amurka ta jefa bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945, ta tabbata cewa babu hafsan da ya taɓa gwabza irin wannan yaƙi, balle ya koyar da shi. Don haka masana lissafi da tattalin arziki da tarihi suka shigo fagen. Bernard Brodie ya nuna a 1946 cewa hana yaƙi ya zama babban aikin soja, fiye da cin nasara a cikinsa. A 1962 kuma Michael Howard ya kafa Sashen Nazarin Yaƙi a King's College ta Landan.

3.0 Shigowarsa Nijeriya

A Nijeriya ma yaƙi ne ya share fage. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar soja daga mutum wajen 10,000 zuwa kimanin 250,000, alhali hafsoshi masu zurfin horo ba su taka kara sun karya ba. Wannan giɓi aka nemi cikewa da Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi ta Jaji a 1976, da Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru a 1979, inda soja da farar hula ke zama aji ɗaya. A 1992, shekara biyu da tura dakarun ECOMOG zuwa Laberiya, aka kafa Kwalejin Yaƙi ta Ƙasa, wadda ta koma Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a 2007. Alaƙar da ta ƙulla da Jami'ar Ibadan ta ba ɗalibanta damar samun digiri na biyu.

4.0 Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa fannin ya fi bunƙasa inda aka bar farar hula suka sa baki. Nijeriya ta sha mulkin soja daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Majalisar da ba ta da masana tsaro a tare da ita ba za ta iya tantance kasafin kuɗin soja ba, sai dai ta amince da abin da aka kawo mata.