Filin jirgin sama na Kano: daga Yaƙin Hitila zuwa jigilar alhazai

Tarihin filin jirgin sama na Kano ya shafi ƙasar Hausa baki ɗaya, har da ɓangarenmu na Nijar, domin iyakar mulkin mallaka tana cikin abubuwan da suka ba shi matsayinsa. Za mu bi wannan tarihi cikin matakai uku.

1. Kafin yaƙi

Jiragen sama sun fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Jirage uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin wasan dawaki. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar Hartum zuwa Kano, wadda aka ƙarasa da ita Ikko cikin wannan shekara.

2. Zamanin yaƙi

A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa kuma ta ajiye makamai. Hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, zagayen Afirka ta Kudu kuwa yana cin lokaci mai tsawo. Sai Ingila ta koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su can, su tashi su bi Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Aljinaina, Alfashir da Hartum, har Alƙahira. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 kuwa jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Abin lura shi ne, hanyar ba ta samu ba sai da gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Vichy har Nuwamba 1942. Ke nan Kano da Damagaram, masu harshe ɗaya da fatauci ɗaya, sun wayi gari a ɓangarori biyu masu gaba da juna, ayarin jiragen kuma dole ya kauce wa sararin Nijar. Jamusawa sun gane muhimmancin hanyar: a Janairu 1942 wani jirginsu ya ƙetaro Hamada ya jefa wa Fort-Lamy bam, ya ƙone ajiyar mai. Daga ƙarshen 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya shigo cikin aikin, aka faɗaɗa filaye, aka ƙara gine-gine da na'urorin rediyo.

3. Bayan yaƙi

Abin da soja suka bari, farar hula suka gada. Jiragen farfela na wancan zamani ba sa iya zuwa Afirka ta Kudu daga Turai ba tare da shan mai ba, Kano kuwa tana bakin Hamada. Don haka BOAC, Sabena da KLM suka mai da ita zango. Amma ribar ta dogara ne ga gajeren zangon jiragen. Da jiragen jet masu dogon zango suka yawaita daga shekarun 1960, sai suka riƙa wucewa ta sama. KLM, da ta fi sauran daɗewa, ta janye a 2012.

Abin da ya riƙe filin shi ne buƙatar mutanen ƙasa, musamman aikin hajji. Tafiyar da a da takan ci shekaru a ƙasa, ta Cadi da Sudan, ta koma ta sa'o'i. Ba a rasa baƙin ciki ba: ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 mai dawo da alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Daga baya aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa girman filin sau biyu ya zo daga buƙatar baƙi, ta yaƙi da ta shan mai, kuma kowace ta tafi da lokacinta. Alhazai da fatake su ne suka ɗore, domin tafiyarsu gabas ta girmi jirgin sama da ƙarnoni.